Masu sana'ar piya wata a Damagaram: a sa musu kwantar, a nuna wa Gouna lissafin

Da zarar bazara ta kama a Damagaram, daga watan Maris zuwa Mayu, abu biyu ne ke tashi tare: layin jarkoki a bakin famfo, da cinikin masu piya wata da ƙanƙara. Unguwa kan kwana biyu ko fiye famfo bai zubo ba, amma ledar ruwa mai sanyi ba ta yankewa a tasha da bakin kasuwa. Wannan ba laifi ba ne, sana'a ce da ke ciyar da matasa masu yawa. Tambayar da ya kamata hukuma ta iya amsawa ita ce: lita nawa wannan sana'a ke ɗiba a rana, kuma daga wace rijiya?

Ƙishirwar Damagaram tsohon labari ne. Birnin yana zaune ne a kan dutse, ƙasan da ba ya riƙe ruwa sosai, kuma ƙarancin ruwa na cikin dalilan da ake bayarwa na ɗauke babban birnin Nijar daga Zinder zuwa Yamai a 1926. Shi ya sa ruwan da birnin ke sha daga karkara ake janyo shi: daga rijiyoyin Gogo da Machaya da ke kudu, ta wajen Gouna a gundumar Mirriya, sai kuma na Aroungouza da Ganaram da ke arewa. Ruwan Gogo da Machaya damina ce ke cika shi. Shekarar da sama ta yi rowa, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya ja baya, kuma wanda ke fara gani a rijiyarsa shi ne mai lambu da mai shayar da dabbobi a ƙauyen.

Saboda haka duk ledar piya wata, duk ƙullin ƙanƙara, duk robar zoɓo ko lemun ginja da aka haɗa da ruwan famfo a birni, tana da alaƙa da rijiyar wani manomi da bai taɓa ganin ribarta ba.

Manyan kamfanonin lemo da giya na duniya sun daɗe da gane cewa ruwa ne jarinsu, kuma yanzu da manhaja suke lissafinsa. Ana ɗora na'ura a bakin bututu tana aika adadin ruwan da ya wuce zuwa kwamfuta, manhajar kuma ta fitar da lita nawa aka kashe kafin a samu lita ɗaya ta abin sha, inda ruwa ke yoyo, da lokacin da aka fi ɗiba. Akwai taswirar Aqueduct ta cibiyar World Resources Institute da ke nuna yankunan da ruwa ke ƙaranci, akwai kuma ƙa'idar ƙungiyar Alliance for Water Stewardship da aka ƙaddamar a 2014, wadda ke neman kamfani ya duba dukan yankin da yake ɗibar ruwa, har da maƙwabtansa.

Ba haka kawai suka shiga wannan ɗawainiya ba, wuya ce ta koya musu. A ƙauyen Plachimada na jihar Kerala a Indiya, masana'antar Coca-Cola ta daina aiki a 2004 bayan mazauna sun yi ta zanga-zanga suna cewa rijiyoyinsu na ƙafewa suna gurɓacewa. A birnin Mexicali na Meziko, jama'a sun kaɗa ƙuri'a a watan Maris na 2020 suka ƙi amincewa da masana'antar giya ta kamfanin Constellation Brands da aka riga aka yi nisa da gininta, duk dai a kan ruwa.

Sai dai akwai tarko a cikin wannan lissafi na zamani. A 2016 Coca-Cola ta sanar cewa tana mayar wa al'umma da muhalli ruwa daidai da wanda ke cikin abin shan da take sayarwa a faɗin duniya. A takarda, lissafin ya tashi daidai. Amma ruwan da aka mayar a wani kogi na wata nahiya ba ya ƙara ko taku ɗaya a rijiyar da aka ɗiba. Idan za a yi irin wannan lissafi a Damagaram, a yi shi rijiya-rijiya: abin da aka ɗiba a Gogo, a Gogo za a auna shi.

Abin da ake buƙata bai kai tsadar na waɗancan kamfanoni ba. Na farko, duk mai injin ɗura piya wata ko na ƙanƙara ya kasance yana da kwantar, wato mita, ko da famfo yake aiki ko da rijiyar burtsatse ta kansa. Na biyu, a riƙa aika karatun kwantar ɗin ta wayar salula kowane mako zuwa rumbu guda. Akwai manhajoji na kyauta irin su KoboToolbox da mWater da ma'aikatan agaji ke amfani da su wajen tattara bayanai a karkara, kuma suna aiki ko babu intanet, sai an samu layi su tura. Na uku, a riƙa auna zurfin ruwa a wasu zaɓaɓɓun rijiyoyi na Gouna da kewaye kowane wata, aikin da ɗaliban Jami'ar Zinder za su iya yi a matsayin horo. Na huɗu, kuma shi ne ginshiƙi, a bayyana alƙaluman: a liƙa su a ofishin ƙaramar hukuma, a karanta su da Hausa a rediyo, a kai wa hakimi da masu gari.

Doka ma ta riga ta share hanya. Dokar ruwa ta Nijar ta ranar 1 ga Afrilun 2010 ta ɗauki ruwa a matsayin dukiyar jama'a, ta kuma tanadi cewa mai ɗiba ya biya, mai gurɓatawa ya biya. Ba za a iya cajin mutum a kan abin da ba a auna ba. Ga shi kuma tun farkon 2024 harkar rarraba ruwan birane ta koma hannun kamfanin gwamnati NDE, bayan ƙarewar kwangilar SEEN da kamfanin Veolia na Faransa ke da babban kaso a ciki tun 2001. Yanzu bayanan suna hannun 'yan ƙasa, ba sauran uzurin cewa suna ƙetare.

Wani zai ce ƙananan 'yan kasuwa ne, kwantar da rajista za su zame musu sabon haraji, kuma ruwan da suke ɗiba bai kai na gidaje ko na bututun da ke fashewa a titi ba. Tsoron haraji gaskiya ne, don haka ya kamata shekarar farko ta zama ta awo kawai, ba tara. Batun yawan ɗiba kuwa, mai yiwuwa su ne da gaskiya, amma kwantar ce kaɗai za ta wanke su. In lissafi ya nuna yoyon bututu ya fi cin ruwa, to sai yatsa ya koma kan NDE da SPEN. Mai injin ma zai amfana, don zai ga ruwan da yake asara wajen wanke tankuna da tacewa, wanda kuɗinsa ne ke bin rariya.

'Yan Damagaram da ke Kano, Agadez, Libiya ko Turai sukan haɗa kuɗi su haƙa wa ƙauyensu rijiya, ko su saya wa ƙani injin piya wata ya kama sana'a. Alheri ne babba. Su ƙara sharaɗi guda kafin su tura kuɗin: a sa kwantar, a riƙa turo musu karatunta a waya kamar yadda ake turo hoton gini. Matasan birni da suka iya kwamfuta kuma ga aiki a gabansu, na haɗa waɗannan alƙaluma a shafi guda da kowa zai iya buɗewa.

Manomin Gouna da ke ƙara wa gugarsa igiya kowace bazara ya riga ya san ruwa na ja da baya. Abin da ya rage shi ne a ba shi adadin da zai riƙe ya je gaban kantoma ya yi magana, tun kafin wani babban kamfanin lemo ya zo neman fili.