Kafin ka sayi jarkar "ƙarin garkuwa", je ka gwada jininka

Ɗan'uwa, in kana leƙa TikTok ko Facebook, ai ka sha cin karo da masu tallan jiƙo a jarka, wai yana wanke ciwon hanta, yana ƙara garkuwar jiki. To tsaya ka ji yadda abin yake.

Ƙwayar cutar hepatitis B laɓewa take yi a cikin hanta, kuma yawancin ɓarnar ba ita ke yi da kanta ba. Sojojin garkuwar jikinka ne ke far wa duk inda ta ɓuya. In sun ci galaba, ka warke. In sun kasa, sai faɗan ya ja shekara 20 ko 30, hanta na kumbura, tana gyara kanta, tana tabo. Garin wannan rushewa da sake gini ne wasu ƙwayoyin hantar ke rikiɗewa su zama kansa. Duk tsawon lokacin nan mutum garau yake jin kansa. Ka ga kenan jiƙo ba zai raba wannan faɗa ba, wani ma ƙara wa hantar wahala zai yi.

Binciken NAIIS na 2018 ya gano kusan mutum 8 cikin 100 na manyan Najeriya na ɗauke da cutar. Jarirai sun fi shiga haɗari: kusan 9 cikin 10 da suka kamu lokacin haihuwa, cutar zama take musu, don garkuwarsu ba ta yi ƙwari ba. Nan Sakkwato mata da yawa a gida suke haihuwa, a ce sai bayan suna za a je asibiti, alhali allurar farko cikin awa 24 ake son yin ta. In yayarka ko matarka ta haihu, kai ne za ka matsa a kai jaririn.

Kai kuma fa? Sai 2004 aka sa allurar cikin riga-kafin yara a Najeriya. In an haife ka kafin nan, da wuya ka samu. Je UDUTH ko Asibitin Specialist ka nemi gwajin HBsAg. In ba ka da cutar, a yi maka allura uku. In kana da ita, likita zai riƙa bibiyarka, kuma akwai magani irin tenofovir da ke danne ƙwayar, ya rage haɗarin kansa.

Wajen aski ko yankan farce kuwa, ka ce a sa maka sabuwar reza, ba rashin kunya ba ne.