Ganin Dala Ba Shiga Birni Ba Ne: Ina Aka Kwana Kan Sulhun Falasɗinu da Isra'ila?

A ranar 10 ga watan Oktoba na shekarar 2025 aka tsagaita wuta a Zirin Gaza, bayan an shekara biyu cur ana luguden bama-bamai a kan jama'arsa. Kwana uku bayan haka shugabannin ƙasashe suka hallara a garin Sharm el-Sheikh na ƙasar Masar, aka yi jawabai, aka sa hannu a takarda, aka ɗauki hotuna. Ƙungiyar Hamas ta saki mutum 20 da suka rage da rai cikin waɗanda ta yi garkuwa da su, Isra'ila kuma ta sako Falasɗinawa kusan 2,000 daga gidajen kurkukunta. Duk mai tausayi a zuciya ya yi murna da wannan rana. Amma akwai abin lura guda. Waɗanda suka sa hannu a takardar nan su ne Amurka da Masar da Ƙatar da Turkiyya. Firayim Ministan Isra'ila bai halarci taron ba, haka kuma babu wakilin Hamas a wurin. Watau an ɗaura aure ne ba ango ba amarya.

Ra'ayinmu a wannan shafi shi ne, tsagaita wuta daban, zaman lafiya daban. Rikicin nan rikicin ƙasa ne tun asalinsa, kuma duk sulhun da ya kauce wa maganar ƙasa, ko aka ƙulla shi a bayan idon masu ita, ba zai yi ƙarko ba komai yawan manyan da suka sa masa hannu. Tarihi ne ya koya mana haka, don haka bari mu bi shi daki-daki.

A watan Nuwamba na 1917, Sakataren Harkokin Wajen Ingila, Arthur Balfour, ya rubuta takardar da ta yi wa Yahudawa alkawarin mazauni a Falasɗinu, alhali kuwa ba a tuntuɓi Larabawan da suka fi yawa a ƙasar ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da kisan kiyashin da gwamnatin Hitila ta yi wa Yahudawa kimanin miliyan 6 a Turai, sai Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙuduri mai lamba 181 a shekarar 1947, ta raba ƙasar biyu. Aka ba Yahudawa fiye da rabi, alhali a lokacin kusan sulusin jama'ar ne kawai. Larabawa suka ƙi amincewa. Aka kafa Isra'ila ranar 14 ga Mayu, 1948, yaƙi ya ɓarke, kuma kafin ƙura ta lafa Isra'ila ta riƙe kashi 78 cikin 100 na ƙasar, Falasɗinawa kimanin 700,000 kuma sun zama 'yan gudun hijira. Turai ce ta yi laifin, amma a Falasɗinu aka biya diyya.

A yaƙin kwana shida na watan Yuni, 1967, Isra'ila ta mamaye sauran abin da ya rage, watau Yammacin Kogin Jodan da Gabashin Birnin Ƙudus da Gaza, ta haɗa da Sinai ta Masar da Tuddan Golan na Siriya. A cikin wannan shekara Kwamitin Sulhu ya fitar da ƙuduri mai lamba 242, wanda ya kafa ƙa'idar da aka gina duk wata tattaunawa a kanta tun daga lokacin: Isra'ila ta janye daga yankunan da ta mamaye, maƙwabta kuma su bar ta ta zauna lafiya cikin iyakokinta.

An gwada wannan ƙa'ida da Masar, ta kuwa yi aiki. Shugaba Anwar Sadat ya je Birnin Ƙudus a 1977, ya zauna da Menachem Begin a Camp David ƙarƙashin inuwar Shugaba Jimmy Carter a 1978, aka sa hannu a yarjejeniya a 1979, Masar ta gama karɓar Sinai a 1982. Tun daga lokacin ƙasashen biyu ba su sake gwabzawa ba. Me ya sa sulhun ya ɗore? Saboda an mayar da ƙasa, har ma Isra'ila ta rushe matsugunan da ta gina a Sinai. Sai dai sashen yarjejeniyar da ya shafi Falasɗinawa ya tsaya a kan takarda, domin ba su zauna a teburin ba. A shekarar da Masar ta gama karɓar Sinai ne sojojin Isra'ila suka kutsa Lebanon, aka yi kisan gillar sansanonin Sabra da Shatila.

Falasɗinawa su ma sun sassauta. A watan Nuwamba na 1988, a birnin Aljiyas, ƙungiyar PLO ta Yasser Arafat ta yi shelar kafa ƙasa, ta kuma karɓi tsarin ƙasa biyu, wanda ke nufin ta haƙura da kashi 22 cikin 100 na ƙasar kakanninta. Daga nan aka kai ga yarjejeniyar Oslo, wadda aka sa wa hannu a Washington ranar 13 ga Satumba, 1993, inda Arafat da Yitzhak Rabin suka yi musafaha duniya tana kallo. Amma a nan gizo ya yi saƙar. An ɗage manyan batutuwa, watau iyakoki da Birnin Ƙudus da 'yan gudun hijira da matsugunan Yahudawa, aka ce sai cikin wa'adin shekara biyar. Wa'adin ya ƙare a 1999, ga shi an haura shekara 25 ba a warware ko ɗaya ba.

Abu na farko da ya kashe Oslo shi ne ana tattaunawa ana cinye ƙasar da ake tattaunawa a kanta. Lokacin da aka sa hannu, Yahudawa 'yan kaka-gida a Yammacin Kogin Jodan da Gabashin Ƙudus ba su kai 300,000 ba. Zuwa shekarar 2023 sun kai kimanin 700,000. Yankin da ake kira C, wanda ya kai kusan kashi 60 cikin 100 na Yammacin Kogin Jodan, yana hannun sojojin Isra'ila kacokan. Mai karatu ya kwatanta da mutum biyu da suka kai ƙarar gona gaban alƙali, aka ɗage shari'a, ɗaya kuma ya koma yana ta gina gidaje a cikin gonar kowace damina. Ranar da za a yanke hukunci, me za a raba? A watan Yuli na 2024 majalisar dokokin Isra'ila ta jefa ƙuri'a ta yi watsi da kafa ƙasar Falasɗinu, a watan Agusta na 2025 kuma gwamnatin Benjamin Netanyahu ta amince da gine-gine a yankin E1, gabas da Ƙudus, abin da zai kusan datse Yammacin Kogin Jodan gida biyu.

Abu na biyu shi ne mai shiga tsakani. Amurka ce ta riƙe ragamar sulhun nan tun bayan yaƙin 1973, kuma ita ce babbar mai ba Isra'ila makamai. A 2016 ta yi alkawarin ba ta taimakon soja na dala biliyan 38 cikin shekara goma. Ta hau kujerar na-ƙi sau da dama a Kwamitin Sulhu domin kare ta, har da watan Afrilu na 2024 lokacin da aka nemi a karɓi Falasɗinu a matsayin cikakkiyar wakiliya a Majalisar Ɗinkin Duniya. A 2017 Shugaba Donald Trump ya amince da Ƙudus a matsayin babban birnin Isra'ila, ya mayar da ofishin jakadancinsa can a 2018. A ƙasar Hausa idan aka gane mai sasantawa ɗan gidan ɗaya daga cikin masu husuma ne, dattawan unguwa kan nemo wani su haɗa shi da shi. Ba don mutumin maƙaryaci ne ba, sai don ɗayan ɓangaren ya sami natsuwa.

Abu na uku ya shafi gwamnatocin Larabawa. A taron Beirut na 2002 sun miƙa wa Isra'ila tayin da Yarima Abdullahi na Saudiyya ya kawo: ta janye zuwa iyakokin 1967, a kafa ƙasar Falasɗinu, su kuma dukkansu su ƙulla hulɗa da ita. Wannan shi ne jarin da ke hannunsu. Amma a 2020 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Bahrain da Maroko suka ƙulla hulɗar ba tare da an cika sharaɗin ba, Sudan ma ta bi sahu. Kowacce ta karɓi abin da take so daga Amurka: Maroko ta sami goyon baya a kan Yammacin Sahara, Sudan kuma aka cire ta daga jerin ƙasashen da ake zargi da taimaka wa ta'addanci. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Aka ɗauka an binne maganar Falasɗinu, sai ga ranar 7 ga Oktoba, 2023.

A nan tilas mu faɗi gaskiya ko da ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Harin da Hamas ta kai a wannan rana, inda aka kashe mutum kimanin 1,200, akasarinsu fararen hula, aka kuma kwashe kusan 250, abin Allah wadai ne, kuma addinin Musulunci bai halatta kashe mata da yara da tsofaffi a wurin yaƙi ba. Haka nan ramuwar da Isra'ila ta yi ta wuce duk wani mizani na hankali. Ma'aikatar lafiya ta Gaza ta ƙidaya gawa fiye da 60,000 zuwa tsakiyar 2025, an rushe asibitoci da makarantu, an kuma toshe hanyar abinci har yunwa ta kashe yara. Masu tsattsauran ra'ayi na ɓangarorin biyu sun daɗe suna ciyar da juna. Bayahude ne ya harbe masallata 29 a Masallacin Annabi Ibrahim da ke Hebron a 1994, Hamas ta shiga tada bama-bamai a motocin safa, Bayahude ne kuma ya kashe Rabin a 1995, kamar yadda sojojin Masar masu tsattsauran ra'ayi suka kashe Sadat a 1981.

Gidan Falasɗinawa kansa a rabe yake, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tun da Hamas ta ci zaɓen majalisa a 2006, ta kuma ƙwace Gaza daga hannun Fatah a 2007, ba a sake yin babban zaɓe ba. Shugaba Mahmud Abbas an zaɓe shi ne a 2005 don wa'adin shekara huɗu. Al'ummar da ke neman 'yanci tana bukatar shugabancin da ya fito daga ƙuri'arta, wanda idan ya sa hannu a takarda kowa zai san da yawun jama'a ya yi.

To, ashe ke nan babu sauran fata? Akwai, domin iska ta fara juyawa. A watan Disamba na 2023 Afirka ta Kudu ta kai ƙarar Isra'ila gaban Kotun Duniya da ke birnin Hague. A watan Yuli na 2024 wannan kotu ta ba da fatawar cewa ci gaba da mamayar yankunan Falasɗinawa ya saɓa wa dokar duniya. A wannan shekara Sifen da Ireland da Norway suka amince da ƙasar Falasɗinu, a watan Satumba na 2025 kuma Faransa da Kanada da Ostireliya da Ingila suka bi, Ingilar da ta rubuta takardar Balfour shekara 108 kafin nan. Ƙasashen da suka amince sun haura 150. Sai dai amincewa a baki ba ta rushe shingen bincike ko ɗaya ba. Tana da amfani ne kawai idan aka biyo ta da matsin lamba mai zafi: a daina sayar da makaman da ake kashe fararen hula da su, a daina cinikin kayan da ake samarwa a matsugunan 'yan kaka-gida, kuma Saudiyya ta tsaya kan sharaɗinta na cewa ba hulɗa sai an buɗe hanyar kafa ƙasar Falasɗinu.

Nijeriya ba baƙuwa ba ce a wannan magana. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta yanke hulɗa da Isra'ila a 1973 tare da sauran ƙasashen Afirka, aka mayar da ita a 1992 zamanin Janar Ibrahim Babangida, kuma tun 1988 muka amince da ƙasar Falasɗinu. Musulminmu da Kiristanmu duka suna girmama Birnin Ƙudus. Mun kuma san tasirin matsin lamba, domin a 1979 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta karɓe kadarorin kamfanin mai na BP saboda batun mulkin wariyar launin fata a kudancin Afirka, kuma mun ga ranar da Nelson Mandela ya zama shugaba a 1994. Ya kamata Gwamnatin Tarayya ta yi amfani da hulɗar da take da ita da ɓangarorin biyu, ta haɗa kai da Tarayyar Afirka wajen neman babban taron ƙasa da ƙasa ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, mai wa'adi tsayayye, wanda zai fara da maganar iyakoki. Muna kuma kira ga malamanmu da limaman coci da kada su mayar da rikicin nan faɗan Musulmi da Kirista a cikin gida, domin a cikin Falasɗinawa akwai Kirista, a cikin Yahudawa kuma akwai masu fitowa kan titi suna adawa da mamayar.

Tsakanin Kogin Jodan da Bahar Rum akwai Yahudawa kimanin miliyan 7 da Larabawa kimanin miliyan 7. Babu wanda zai kori ɗan'uwansa cikin teku, kuma an gwada ƙarfin bindiga fiye da shekara 75 bai kawo wa kowa barci mai nauyi ba. Ko dai a raba ƙasar biyu bisa adalci, ko a zauna a ƙasa ɗaya kowa da ƙuri'arsa daidai da ta ɗan'uwansa. Abin da ba zai yiwu ba shi ne a riƙe miliyoyin mutane ba ƙasa ba 'yanci, sannan a sa ran za su yi shiru har abada. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba shugabanni ikon yin adalci, amin.