Wasiƙa Zuwa ga Masu Zama a Kantar Banki

Ina so in ja hankalinku ga wani al'amari da na daɗe ina lura da shi, wato mutuncin wanda ya tsaya a gabanku, musamman dattijon da bai yi boko ba.

Ku sani mutanenmu sun san ajiya tun kafin banki ya zo ƙasar nan, domin attajiri yakan danƙa dukiyarsa a hannun amininsa, mata kuwa su yi adashi, kuma sharaɗin duka biyun shi ne amana da rufin asiri. Saboda haka idan kashiya ya ɗaga murya ya ce, "Baba, dubu uku kawai ta rage maka," alhali layi ya kai bakin ƙofa, to, ya tozarta bawan Allah a bainar jama'a, ko da kuwa lissafinsa babu kuskure. Wanda ya zo da cinikin mako daga Kantin Kwari ma, in aka faɗi adadin kuɗinsa kowa na ji, ai an yi wa ɓarawo ishara ke nan. Ku rubuta a 'yar takarda, ko ku sassauta murya.

Sa'an nan kada ku ɗauki wanda ya kasa cika fom jahili, don sau da yawa malami ne da ya sauke Alƙur'ani, ya san hukuncin rubuta bashi da ke cikin Suratul Baƙara, kuma yana karanta ajamin da ke jikin takardar naira dubu, wanda wataƙila ku da kuke ƙirga ta kullum ba ku iya ba. Tun da aka shigo da lambar BVN a 2014 aka jarrabi irin waɗannan mutane da dangwala yatsa, ga shi kuwa fartanya ta cinye zanen yatsun manomi. In na'ura ta ƙi karɓa, a sake gwadawa cikin haƙuri, ban da tsaki.

Ban manta da wahalarku ba. A farkon 2023, lokacin canjin takardun ɗari biyu da ɗari biyar da dubu, ku kuka sha zagi a kan hukuncin da Babban Banki ya yanke, ba da shawararku ba. Amma ko a irin wannan rana, in babu kuɗi ku ce babu tun da hantsi, don tsohuwar da ta taso daga ƙauye ta sami motar komawa kafin la'asar.