Kujera Ɗaya Tak, Amma Tamu Ce

Masu yi wa MAP dariya, jam'iyyar dattawan Musulmin Zango a Gana, suna cewa kujera ɗaya tak ta ci cikin 104 a zaɓen 1954, ɗaya kuma a na 1956. Haka ne. To in ba ta da nauyi, don me gwamnatin Nkrumah ta kori jigonta Alhaji Amadu Baba, Sarkin Zangon Kumasi, zuwa Nijeriya a 1957, ta kuma haramta jam'iyyun addini da na ƙabila? Ai sai bishiya mai 'ya'ya ake jifa. Kakanninmu da 'yan ƙuri'unsu sun hana gwamnati barci. Mu kuwa, duk yawanmu, buhun shinkafar azumi ke sayen ƙuri'armu. Su wa suka cancanci dariya?