Gefen Titi Na Mai Tafiya A Ƙasa Ne

A 'yan shekarun nan gwamnatocin jihohi irin su Kano da Kaduna sun zuba maƙudan kuɗi wajen faɗaɗa tituna da shimfiɗa hanyar masu tafiya a ƙasa a gefensu. Aiki ne da muka yaba. Sai dai kafin siminti ya gama bushewa, sai ka ga falwaya tsaye a tsakiyar hanyar, allon tallan makaranta na biye da ita, mai shago ya kakkafa ƙarafa don kada a ajiye mota a ƙofarsa, ɗan majalisa kuma ya dasa fitilar sola mai ɗauke da hotonsa. Kowa da turkensa, ba wanda ya tuntuɓi wani.

Mai lafiya zai kauce ya wuce abinsa. Makaho fa? Sandarsa ƙasa take laluba, ba ta sanar da shi cewa akwai allon ƙarfe daidai goshinsa, ko wayar da aka ɗaure falwaya da ita ta gitta masa a karkace. Mai keken guragu idan ya tarar da turke a gabansa, ga kwata a buɗe ta ɗaya gefen, ba shi da zaɓi sai ya gangara kan kwalta ya cakuɗa da a-daidaita-sahu. Haka uwa mai goyo da ke jan yara biyu za ta yi. Waɗannan su ne aka yi hanyar dominsu, su ne kuma aka kora daga kanta.

Ba doka aka rasa ba. Dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ambaci gefen titi da wuraren tsallakawa ƙarara, ta ce dole mai keke da marar gani su iya amfani da su. Wa'adin shekara 5 da ta bayar na gyara ya cika a Janairun 2024.

Matsalar ita ce gefen titi ya yi iyayen gida da yawa. Tsarin birni na hannun hukumomi irin su KNUPDA a Kano da KASUPDA a Kaduna. Kamfanin rarraba wuta na kafa turakunsa, kamfanin sadarwa na biyan kuɗin haƙa ya binne wayoyinsa, kundin tsarin mulki kuma ya danƙa kula da allunan talla ga ƙananan hukumomi, ga jihohi ma na miƙa hannu. Kowace na kallon kuɗin shigarta. Sau da yawa kuma idan an faɗaɗa titi, falwayar da a da take can gefe sai ta koma tsakiyar hanyar ƙafa, saboda ba a sa kuɗin matsar da ita cikin kwangila ba. Ɗan kwangila ya zagaye ta da siminti ya karɓi kuɗinsa.

Ra'ayinmu shi ne a mayar da izinin kafa duk wani turke hannun hukuma guda, wato ta tsara birni, da ƙa'ida a rubuce wadda kowa zai iya aunawa da tef. A Birtaniya ƙa'idar da ma'aikatar sufuri ta shimfiɗa ita ce a bar faɗin mita 2 fili, don kekunan guragu biyu su iya gilma wa juna, inda wuri ya matse kuma mita 1.5. Ba abin da zai hana mu ɗaukar irin wannan ma'auni. Turaku su jeru a layi ɗaya ta bakin kwalta, ƙasan kowane allo ya wuce kan dogon mutum, a kuma rubuta sunan mai turken da lambar izininsa a jikinsa, yadda idan ya karkata ko ya faɗi za a san wanda za a nema. Wanda ya kafa shi ne zai tuge.

Muna kuma jan hankalin hukumomi kada su fara da mai rauni. Korar mai tebur da mai shayi abu ne mai sauƙi, kullum ana yi. A fara da turakun gwamnati da na kamfanoni da na 'yan siyasa: a ƙirga su titi-titi, a ba masu su wa'adi, sannan kada a sake amincewa da kwangilar titin da ba ta ƙunshi kuɗin matsar da falwaya ba.