Napoli: Sabon Garin Helenawa

Da yawa daga cikinmu mun san sunan Napoli ta hanyar ƙwallo. Can ne Maradona ya ci kofin Italiya a 1987 da 1990, can ne kuma Victor Osimhen ya ci shi a 2023. Amma mutum nawa ne suka san ma'anar sunan?

Helenawa ne suka kafa birnin a kudancin Italiya, kimanin shekara 2,500 da suka wuce, kusa da wani tsohon mazauninsu. Suka kira shi Neapolis. A Helenanci "nea" tana nufin sabuwa, "polis" kuwa birni. Ashe Napoli ba wani abu ba ne illa Sabon Gari!

Me ya sa suka ce "nea", ba "neos" ba? Domin "polis" kalma ce ta mata a harshensu, dole sifarta ta bi ta. Mu ma haka muke yi: Sabon Birni, amma Sabuwar Unguwa.

Da Romawa suka karɓi sunan, sai suka sa shi cikin nahawun Latin, inda ƙarshen suna yakan canja bisa aikinsa a jimla. In birnin ne ke yin aiki, Neapolis ne. In can za ka, Neapolim. In kana ciki, Neapoli. Da zamani ya yi nisa, baki ya tauna sunan har ya zama Napoli. A Italiyanci, "i" a ƙarshen kalma yawanci alamar jam'i ce, amma Napoli tilo ce, kuma ta mata, kamar yadda ta taso. Ƙungiyar ƙwallon ce kawai ake wa lafazin namiji.

Wannan "polis" ta iso bakin kakanninmu ma. Tarabulus, wadda ayarinta ke kawo kaya Kano, daga Tripolis take, wato birane uku.

Saboda haka ba na goyon bayan masu cewa darasin nahawu ɓata lokaci ne. Harshen Helenawa ya daɗe da barin titunan Napoli, amma sunan yana nan yana ba da shaidar waɗanda suka aza tubalin farko. Wanda bai san nahawu ba, ba zai ji wannan shaida ba. Haka kuma duk garin da aka sake wa suna da ganganci, an yaga shafi guda na tarihinsa.

Mu riƙe nahawu da kyau, mu kuma tambayi dattawa asalin sunayen garuruwanmu tun suna raye.