An Ƙirga Akwati, Ba A Auna Amarya Ba

Kaka ta yi, amfanin gona ya fara shiga kasuwa, kuma duk wanda ya san yankinmu na Kabo da Gwarzo ya san abin da ke biyo baya. Daga yanzu har gabanin azumi, da wuya mako ya wuce ba a ɗaura aure a Dugabau ko Garo ko Getso ko Kutama ba. Kafin ɗaurin aure kuwa sai an kai lefe. To a kan lefen nake son yin magana yau, amma ba a kan yawan akwati ko tsadar leshi ba, wannan an sha yi. Maganata a kan abin da ake cusawa can ƙasan akwatin ƙarshe ce: rigar mama, kamfai, shimi da siket na ciki. Kayan ciki dai, ba na wajen mahauta ba.

Ku lura da wani abu. In za a haɗa lefe, ana aikawa gidan amarya a tambayi lambar takalminta. Wasu har kalar mayafin da take so suna tambaya. Amma tufafin da za su kwana su wuni a jikin fatarta, kullum, rani da damina, babu mai tambayar lambarsu. Dozin ake saye a zuba. A ganina wannan kuskure ne da ke cin kuɗin ango, yana kuma cin lafiyar amarya, kuma gyaransa ba ya buƙatar ko sisin kwabo.

Na san wani zai ce, "Haba Hajiya, ga tsadar rayuwa ga matsalar tsaro, sai maganar kamfai?" Ai tsadar rayuwar ce ta sa na ɗauko ta. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki Naira a watan Yunin shekarar, Dala ta tashi daga ƙasa da Naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Galibin waɗannan kaya kuwa daga waje ake shigo da su, yawanci daga China. Ni ma'aikaciyar gwamnati ce, na san abin da mafi ƙarancin albashi na Naira 71,000 da Jihar Kano ta amince da shi yake iya saya a wata. Saurayin da ya sayar da buhunan masararsa ya haɗa lefe, bai kamata a ce wani kaso na guminsa ya tafi a kayan da matarsa ba za ta taɓa iya sakawa ba.

Ga yadda ake sayen. Yayar ango ko gwaggonsa ta hau mota ta bi hanyar Gwarzo ta sauka Kano, ta shiga Kantin Kwari ko Sabon Gari. Mai shagon, sau da yawa, namiji ne. Ya ce, "Hajiya wace lamba?" Ta ce, "'Yar siririya ce," ko "Mai ɗan jiki ce." Ita kanta watakila sau ɗaya ta taɓa ganin yarinyar, cikin hijabi har ƙasa. Shi ke nan an gama awo. Sannan wajen zaɓi, ba amarya ake tunawa ba, 'yan ganin lefe ake tunawa: wanne ne zai fi ɗaukar ido in an buɗe akwati a tsakar gida? Sai a kwaso masu walƙiya, masu raga-raga, masu soso mai kauri da ƙarfe a ƙasa. A ɗaga sama a yi guɗa, a ba da tukwici, kowa ya watse.

Shekaruna arba'in da ɗoriya, na karɓi lefe na kuma kai lefe ba adadi, kuma amare da yawa sun faɗa mini abin da ba za su faɗa a bainar jama'a ba. Wata a cikin dozin guda uku kacal suka shige ta, sauran ta raba wa ƙannenta. Wata kuma kunyar dangin miji ta sa take daurewa tana sakawa haka nan, roba ta yi mata shata a haƙarƙari, kafaɗa ta yi tsami, ƙarfen ya fasa yadi yana sukar ta tana tuƙa tuwo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma wannan mai ɗakin an hana ta magana.

Bayan lamba sai yadi. A nan ƙasar Kano, a watannin Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40. Matar karkara tana wuni tsakanin murhu da turmi da rijiya, a saman kayan cikinta akwai zani, akwai riga, in za ta fita ga hijabi. Yadin leda, wato nailan da danginsa, ba ya shan gumi kamar auduga, yana riƙe danshi da zafi a jikin fata. Ƙwayoyin da ke kawo ƙaiƙayin gaba da kurajen ƙarƙashin mama kuwa babu abin da suke so kamar wuri mai ɗumi da laima. Shi ya sa shawarar da ma'aikatan lafiya suka saba bai wa mai yawan fama da wannan matsala ita ce ta koma kamfai na auduga wanda bai matse ta ba. Ban ce kamfai kaɗai ke kawo ciwon ba. Juna biyu yana kawo shi, ciwon suga yana kawo shi, yawan shan maganin kashe ƙwayoyin cuta barkatai ma haka. Amma a cikinsu duka, canza yadi ne mafi sauƙi da araha. Abin takaici, komai a wurinmu sunansa "sanyi". Ranar kasuwa mai lasifika ya sayar mata da jarkar maganin sanyi, ta sha ta ƙare, ta koma cikin wannan ledar dai. In ƙaiƙayi ko fitar ruwa ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, asibiti ake zuwa a duba, ga na Kabo ga na Gwarzo.

Shanya ma wata matsalar ce. A gidan yawa, amarya ba ta iya shanya kamfai a igiyar tsakar gida, ga surukai ga ƙannen miji suna shige da fice. Sai ta rataye a bayan ƙofa ko ƙarshen gado, ko ta lulluɓe da zani. Da damina ya kwana biyu bai bushe ba, ta saka shi da sauran laima. Rana kyauta Allah Ya ba mu. Igiya guda a wani lungu da aka kare da zana ko langa-langa ta wadatar, kuma wannan aikin maigida ne, ba sai an roƙe shi ba.

In na lefen sun ƙare ko sun ƙi shiga, ina mace take komawa? Gwanjo. Ban raina mai sayen gwanjo ba, ni ma ina sayen rigunan sanyin yara a Ƙofar Wambai. Kuma na san dalilin da ya sa wasu matan suka fi son rigar mama ta gwanjo: sun ce ta fi ƙarko, kuma a can ne mai jiki take samun lambarta, tun da sababbin da ake kawowa yawanci ƙanana ne. Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma 'yan kasuwarmu ya kamata su ji ta. Amma kamfai da wata ta saka a wata ƙasa, ba ki san ta ba, ba ki san lafiyarta ba, wannan kam ina ganin a haƙura da shi. A takarda, tufafin gwanjo suna cikin jerin kayan da Hukumar Kwastam ta haramta shigo da su Najeriya, amma kowa ya san dila-dila suke shigowa ta kan iyaka. Ghana ta yi dokar hana sayar da kayan ciki na gwanjo tun 1994, sai a 2011 ta tashi aiwatar da ita gadan-gadan. Doka ita kaɗai ba ta raba talaka da abin da aljihunsa ya iya. Abin da zai raba shi da shi, a samar masa da sabo mai kyau a kusa, a kuɗin da zai iya.

Abin da ke ba ni mamaki, kakanninmu sun fi mu dabara a nan. Fatari da ɗan tofi da suke sakawa na auduga ne, a jikin mai shi ake ɗinka su, kuma da zariya ake ɗaurewa: in ciki ya girma a sassauta, in an haihu a ƙara ja. Audugar ma a gonakinmu take fitowa, daga nan yammacin Kano har Malumfashi da Funtuwa. An buɗe masaƙar KTL a Kaduna a 1957, UNTL kuma ta rufe a 2007, manyan masaƙun Kano ma yawancinsu sun bi sahu. Yau jikanyar manomin auduga ita ke sanye da ledar da ta tsallako teku. Ba cewa nake mu koma ɗan tofi ba, zamani ya wuce nan. Hikimar da ke cikinsa nake so mu ɗauko: yadi mai shan gumi, da awon mai sakawa.

Awon kuwa ba wani karatu ba ne. Da tef ɗin tela ake yi, a ɗaki, minti biyu. Awo na farko a zagaya ƙirji daidai ƙarƙashin mama, shi ke nuna lamba, irin su 34 ko 36 ko 38. Na biyu a zagaya ta inda ya fi cika. Bambancin da ke tsakaninsu shi ke ba da harafi, kusan kowane inci ɗaya harafi ɗaya: A, B, C, D. In kin ga an rubuta 75 ko 80 ko 85, lissafin Turai ne: 75 ita ce 34, 80 ita ce 36, 85 ita ce 38. Kamfanoni suna ɗan bambanta, don haka jiki ne alƙali. In bayan rigar yana hawa sama, zagayen ya yi miki yawa. In tana barin jan shata mai zafi, ta yi kaɗan. Sannan lamba ba ta dawwama. Wadda ta dace da amarya ba lallai ta dace da ita tana da ciki wata bakwai ko tana shayarwa ba, kuma matsattsiyar rigar mama tana cikin abubuwan da kan jawo toshewar hanyar nono ga mai jego. Wannan ma wani dalili ne da ya sa dozin biyu masu lamba ɗaya asarar kuɗi ce, ko da an dace da lambar.

Wata magana da ke yawo a WhatsApp wai rigar mama tana kawo kansar mama. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2014 bai sami alaƙa tsakaninsu ba. Matsattsiya tana takura, tana kawo ciwon kafaɗa da kuraje, wannan ya isa dalilin canza ta. Amma in mace ta ji ƙullutu a mamanta, kada ta ce ai rigar ce ta cire ta zauna. Ta je a duba ta da wuri.

To me ya hana mu tambaya? Kunya. Kuma ni ba na cikin masu cewa a yar da kunya, ado ce, da ita aka san mu. Amma Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yabi matan Madina a kan cewa kunya ba ta hana su tambayar abin da ya shafi addininsu ba, har da al'amuran wanka da jinin al'ada. Babu wanda ya ce ango ya tsaya a zaure ya tambayi budurwarsa lambar rigar mamanta. Mace ce za ta tambayi mace. Bakin da ya tambayi lambar takalmi, shi zai ƙara kalma biyu.

Ga abin da nake roƙo a wannan kakar biki.

Iyayenmu mata da yayyen ango: ku aika wa yayar amarya ko babbar ƙawarta ta rubuto lamba a 'yar takarda. In hakan ya yi nauyi, ku ware kuɗin kayan ciki ku sa a ambulan a cikin akwati, amarya ta saya da kanta ko ta aiki wadda ta yarda da ita. In 'yan ganin lefe sun tambaya, a ce ga shi nan a ambulan. Sau biyu za a yi surutu, na uku ya zama al'ada.

Masu saye: shida na auduga da suka dace sun fi dozin biyu na leda. Araha ba ta ado, walƙiya ma ba ta lafiya. A sa mai kwalliya guda biyu don amarci, ba laifi, amma na yau da kullum su fi yawa.

Dillalai da mata masu saro kaya suna sayarwa a gida: ku ne kuke shiga ɗakunan matan da ba sa zuwa kasuwa. Ku sa tef a jaka, ku saro manyan lambobi, ku ga in ciniki bai ƙaru ba. Telolinmu mata kuma, shimi da siket na ciki da gajeren wando na auduga ba su fi ƙarfin kekenku ba. Cibiyoyin koyar da mata sana'a na ƙananan hukumomi su sa wannan a cikin abin da suke koyarwa, kasuwarsa tana nan tana jira.

Uwaye da malaman Islamiyya mata: yarinyar da kuka koya wa hukuncin jinin al'ada, ku koya mata awo, da wanki, da shanya a rana. Kada ta fara jin wannan a bakin mai lasifika.

Maza kuma, wanda ya karanta har nan, na gode. Ba sai ka ce komai ba. In ka koma gida ka ba ta kuɗin, ka ce ta sayi wanda ya yi mata daidai, ka kuma ɗaura igiyar nan. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Allah Ya sanya alheri a aurarrakin da za a ɗaura, Ya ba matanmu lafiya, Ya hore wa mazajenmu abin yi.

Daga Dugabau, Ƙaramar Hukumar Kabo.